Ƙwayar Kullum da Kuɗin Kaka: Nazari a kan Hawan Jini a Ƙasar Bakori

Manomin ƙasar Bakori sau ɗaya yake ganin kuɗi masu kauri a shekara. Daga Oktoba zuwa Disamba, in an cire masara, an yanke dawa, an tsinci auduga, sai buhuna su kama hanyar kasuwannin Bakori da Funtua da Dandume, a biya bashin taki, a aurar da 'ya'ya, a gyara katangar da damina ta kayar. Bazara na kamawa rumbu ya fara ja baya. Kafin a kai Yuli da Agusta kuwa, ɗan abin da ya rage taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago sun lamushe shi. Maganin hawan jini bai san wannan lissafi ba. Ƙwaya ce da ake so a haɗiya kowace rana, sau 365 a shekara, ranar da jiki ke ciwo da ranar da mutum ya tashi garau.

Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, matsalar hawan jini a wannan yanki ba ta rashin magani mai aiki ba ce. Maganin yana nan, an san shi, wasu nau'o'insa ma suna cikin mafiya araha a kantin magani. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗorewa. Aljihun manomi, da yadda jama'a suka fahimci ciwo, da yadda aka gina asibitocinmu, duk ukun sun saba da cutar da ke zuwa ta wuce, ba wadda ke zama da mutum har ƙarshen rayuwarsa ba.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke faruwa in injin ban ruwa ya yi wa tiyo ƙarfi. Ba ranar farko yake fashewa ba. A hankali yake saki, wata rana ya tsage a inda ya fi rauni. Haka jini ke yi wa jijiyoyi in ƙarfin turawarsa ya wuce kima shekara da shekaru. Na'urar awo tana ba da lamba biyu: ta sama ita ce ƙarfin turawa lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an auna baligi a ranaku biyu daban-daban aka ga ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to yana da hawan jini. Wuraren da ɓarnar ke fitowa sanannu ne: ƙwaƙwalwa, zuciya, ƙoda, da ido. Mafi yawan masu cutar kuwa ba sa jin komai. Mutum zai iya yin huɗa tun hantsi har azahar da 170 a jikinsa, ya dawo gida ya ci tuwo ya yi barci.

Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya ce masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma mutum 1 ne kawai cikin 5 jininsa ya daidaita. A Nijeriya akwai ƙiyasi biyu da ake yawan kafa hujja da su, kuma ba su zo ɗaya ba. Binciken da Farfesa Augustine Odili na Jami'ar Abuja ya jagoranta a 2017, wanda ya auna mutum sama da 4,000 a shiyyoyi shida na ƙasar, ya sami kashi 38 cikin 100 na manya suna da cutar. Kashi 60 na masu ita sun sani, kusan kashi ɗaya cikin uku na shan magani, kashi 12 ne jininsu ya daidaita. Davies Adeloye da abokan aikinsa, da suka tattara binciken shekaru da dama suka buga a 2021, sun ƙiyasta mutum miliyan 27.5 a 2020, suka ce kashi 29 ne suka sani, kashi 12 ke shan magani, ƙasa da kashi 3 kuma jininsu ya daidaita. Bambancin ya samo asali ne daga wa aka auna, a ina, kuma yaushe. Amma duk wanda ka ɗauka, matakalar iri ɗaya ce: daga sani zuwa shan magani a zubar da jama'a, daga shan magani zuwa daidaituwa a sake zubar da wasu. A binciken Odili shiyyar da ta fi ƙarancin cutar ita ce Arewa ta Tsakiya, da kusan kashi 21. Ko da wannan mafi ƙanƙantar adadi aka auna Bakori, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 150,000, maganar dubban magidanta da matan aure ake yi.

Matakin ƙarshen nan, na masu magani a hannu amma jini bai zauna ba, shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Jama'armu sun koyi asibiti ne ta hanyar zazzaɓin cizon sauro: jiki ya yi zafi, a sha magani kwana uku, a warke, a manta. Da wannan fahimta suke tarbar hawan jini. Mutum zai ji ciwon ƙeya ko jiri, ya je kemis a auna shi, a ce jininsa ya hau, ya sayi sacet ɗaya na kwana goma. Ciwon kai ya lafa, awo ya nuna ya sauka, sai ya ajiye. In ka tambaye shi zai ce maka, "Ai na warke, sai in ya tashi nake sha." A ganinsa hankali ne, domin wane mai lafiya ne ke shan magani? Abin da ba a zauna an yi masa bayani ba shi ne, saukar da ya gani aikin ƙwayar ce, kuma cikin 'yan kwanaki ko makonni da barinta jinin zai koma inda yake, ba tare da sallama ba.

Laifin ba na marar lafiya ba ne shi kaɗai. Ƙaramin asibitin ƙauye an tsara shi ne don riga-kafi, awon ciki, haihuwa, zazzaɓi da gudawa. Waɗannan suna da rajista, suna da masu tallafi, suna da ranakunsu. Dattijon da aka auna aka ga 165 bisa 100 sau da yawa takarda kawai ake rubuta masa, babu wanda zai neme shi in wata ya zagayo bai dawo ba. Daga wannan giɓi ne wata al'ada mai haɗari ta samu gindin zama, wato a ga lamba ta yi sama a nemi faɗo da ita nan take da allura, ko da ƙwayar nifedipine mai saurin aiki a ƙarƙashin harshe. Likitoci sun daɗe da barin wannan ga wanda ba shi da alamun gaggawa, saboda jijiyar da ta saba da ƙarfi in aka janye mata shi farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ko zuciya na iya rasa jinin da suke bukata. Cikin makonni ake saukar da hawan jini, ba cikin sa'a guda ba.

Sai kuma bayanin da kowa ya fi yarda da shi, cewa tunani ne ke kawo shi. A wannan yanki ba za a raina wannan magana ba. A Fabrairun 2023 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 41, 'yan sa-kai da suka bi sawun ɓarayin shanu bayan wani hari a yankin Kandarawa, kuma ƙauyuka da dama na Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi sun yi shekaru suna kwana da ido ɗaya. Fargaba da rashin barci suna ɗaga jini, babu musu. Sai dai in aka tsaya a nan, sakamakon shi ne mutum ya ɗauka da zarar hankali ya kwanta cutar ta tafi. Gado yana ciki, shekaru suna ciki, ƙiba da ciwon suga da ciwon ƙoda suna ciki. Rashin tsaro ma ta wata ƙofar ya fi yin ɓarna: wanda ya yi gudun hijira ya bar katinsa na asibiti, wanda aka sayar da gonarsa aka biya kuɗin fansa ba ta ƙwayar wata-wata yake yi ba.

Batun gishiri kuwa yana da tarihi na musamman a nan. A 1974 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga binciken Davidson da Trevitt da Farfesa Eldryd Parry, wanda ke koyar da aikin likita a Jami'ar Ahmadu Bello a lokacin, a kan gazawar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa. Sun duba mata 224 da aka gani a Zariya, suka kuma bi diddigin inda cutar ta fi yawa a ƙasar, sai suka ga ta taru ne a kewayen Zariya da Malumfashi, wato daidai wannan sashe da Bakori take ciki. Suka danganta abin da yadda ake tsananta al'adun jego a yankin: wankan ruwan zafi safe da yamma, kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawa. Kanwa, ko ja ce ko ungurnu, tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, shi ne kuma ɓangaren gishiri da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Bibiyar da aka yi wa matan shekaru bayan haka ta nuna da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sun zama masu hawan jini.

Ilmi bai tsaya a 1974 ba. Babban binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Nijeriya, wanda sakamakonsa ya fito a 2020, ya fi ɗora alhakin wannan ciwon zuciya a kan talauci, rashin karatu, rama, da hawan jinin masu ciki, ba a kan al'adun jego ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ce kunun kanwa shi kaɗai ke kashe masu jego. Amma wannan bai wanke kanwa ga mai hawan jini ba. Matar da aka ce jininta ya hau tana da ciki, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, ba ta da abin da za ta nema a kofin kunun kanwa na kwana arba'in, ko da kakar jaririn ta ɓata rai.

Yau ma kanwa ba ita ce babbar hanyar sodiyam ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabin nauyinsa gishiri ne. A tukunyar miya guda sai a haɗa gishiri, da dunƙule biyar ko shida, da farin magi, da 'yar kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi. Ga yajin tsire, ga ƙullin taliyar yara, ga burodi. A gidan da tukunya ɗaya ke ciyar da mutum ashirin, ce wa maigida ya rage gishiri bai da amfani in ba a yi maganar da mai girki ba. Rage wa tukunyar gaba ɗaya, a ƙara daddawa da albasa da citta, ya fi a ware masa kwano marar ɗanɗano da zai ture bayan kwana uku. Baki yana sabawa cikin 'yan makonni.

Game da ƙwayoyin kansu, yanzu akwai hujjar da aka samo a jikin 'yan Afirka, ba aro daga Turai ba. A 2019 aka buga sakamakon gwajin da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a kan mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka kudu da Sahara. An gwada haɗi uku na ƙwaya bibbiyu tsawon wata shida, sai haɗi biyun da ke ɗauke da amlodipine suka fi wanda babu ita saukar da jini. Dalilin sananne ne: jikin baƙar fata ya fi karkata ga riƙe gishiri, don haka magungunan da ke buɗe jijiya kamar amlodipine, da masu fitar da gishiri ta fitsari kamar hydrochlorothiazide, sun fi yi masa aiki fiye da irin su lisinopril in an ba da su su kaɗai. Amlodipine tana da wata fa'ida da ta dace da rayuwar karkara: tana daɗewa a jiki fiye da kwana guda, sau ɗaya ake shan ta, wanda ya yi sammakon gona ya manta bai faɗa rami nan take ba. Ka kwatanta da methyldopa, wadda aka fi sani da Aldomet, da ake sha sau biyu ko uku a yini tana kuma sa kasala. Gurbinta na gaskiya yanzu wajen masu ciki ne.

Mafi yawan masu hawan jini ƙwaya ɗaya ba ta isar su, sai biyu, wani lokaci uku. In ba a faɗa wa mutum haka tun farko ba, ranar da aka ƙara masa ta biyu sai ya ɗauka ciwon ya ci ƙarfin magani, ya koma wani wajen. Haka nan illolin. Amlodipine na iya kumbura ƙafa, wanda a wurinmu ke tayar da hankali don an san kumburi da ciwon ƙoda ko hanta. Lisinopril na sa wasu busasshen tari da ba ya jin maganin tari. Mai sa fitsari yana iya kawo jiri ga wanda ke aiki cikin zafin Afrilu bai sha ruwa sosai ba. Akwai kuma wadda maza ba sa faɗa a gaban ma'aikaciyar jinya, wato raunin mazakuta. Wasu magungunan suna taɓa wannan, amma hawan jinin da aka bari shi ma yana lalata jijiyoyin wurin. Duk waɗannan canjin ƙwaya ke magance su, ba dainawa ba. Ɗaya ce ba ta da sassauci: lisinopril da losartan suna cutar da ɗan tayi. A yankin da mace ke haihuwa tun ƙuruciya har ta haura arba'in, duk wanda ya miƙa wa matar aure ɗayansu bai tambaye ta batun ciki ba ya yi ganganci.

Akwai abokin gaba da ba a cika ambata ba, yana kuma cikin aljihun kusan kowane ɗan ƙwadago. Maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, da ake sayarwa a ƙulle cikin haɗin gajiya a kasuwa da tasha, suna sa jiki ya riƙe gishiri, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna kuma cin ƙoda in aka daɗe a kansu. Haka dexamethasone da ake sha don ƙiba ko a cusa cikin haɗi. Sai ka ga mutum yana shan ƙwayarsa da safe tsakaninsa da Allah, da dare yana warware aikinta. Masu kemis su ne likitan farko ga mafi yawan ƙauyuka, ko hukuma ta so ko ta ƙi, don haka horar da su ya fi zagin su riba.

Tun 2023 kuɗi ya ƙara shiga tsakani. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni, kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Nijeriya a Agusta, farashin magunguna ya tashi. A Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar cire haraji kan kayan haɗa magani, amma Nijeriya ƙasa ce da sama da kashi 70 na kuɗin lafiya daga aljihun marar lafiya yake fita. Ga mutumin Guga ko Kakumi ko Jargaba, kuɗin ƙwayar ma ba shi ne duka ba: akwai kuɗin mashin zuwa Bakori ko babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, da yinin aiki da ya salwanta a layi. A watan Agusta wannan lissafi ba ya fita. Daga nan dabarun talaka ke farawa: a raba ƙwaya biyu, a sha yau a tsallake gobe, a ari ta maƙwabci.

Nan ne zoɓo da tafarnuwa da zogale ke shigowa. Zoɓo ba tatsuniya ba ne: wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, ya nuna shan kofi uku a yini tsawon mako shida ya rage lambar sama da kusan 7 ga masu hawan jini marar tsanani. Ga mai 145 wannan abin a zo a gani ne, in ba a cika shi da sukari ba. Ga mai 180 kuwa bai kai ko'ina ba. Abin tsoro shi ne garin magani da ruwan jarka da ake tallatawa da lasifika cewa suna raba mutum da hawan jini har abada, domin alkawarin nan shi ne ainihin abin da mai shan ƙwayar kullum ke marmarin ji. Azumi kuma ba hujjar ajiye magani ba ne. Mai sha sau ɗaya yana mayar da ita lokacin buɗa-baki ko sahur, mai shan na fitsari ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya tun Sha'aban.

Abin da ake guje wa da duk wannan ɗawainiya shi ne shanyewar ɓarin jiki. Binciken da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka buga a 2018, ya duba masu wannan lalura sama da 2,000. Ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na faruwarta da hawan jini, kuma kusan 1 cikin 3 fashewar jijiya ce a ƙwaƙwalwa, ba toshewa ba. Shi ya sa ba a ɗura wa wanda bakinsa ya karkace asfirin a gida. Sai hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance su, wannan kuwa tafiya ce zuwa manyan asibitoci irin na Shika ko Katsina ko Kano. Addu'a da tofi ba sa hana a sa shi a mota a sa'ar farko. In magidanci ya kwanta, gonarsa ta kwanta, mace ɗaya ta bar sana'arta ta koma jinya, wani yaro ya bar makaranta. Kuɗin jinyar wata guda, balle wankin ƙoda, ya isa sayen ƙwayar shekaru.

Hanyar gyara ba sabuwa ba ce, an kuma gwada ta a maƙwabta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta yarda ma'aikacin da ba likita ba ya ba da maganin hawan jini in an horar da shi aka ba shi tsari guda da zai bi, a riƙa ganin marar lafiya duk wata har jini ya daidaita, daga nan duk wata uku zuwa shida. Tun 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fara aiki da irin wannan a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun: a fara da amlodipine, in bai isa ba a haɗa da losartan, a ƙara ƙarfinsu, a sa hydrochlorothiazide, in ya faskara a tura gaba. Kowane marar lafiya da sunansa a rajista, wanda bai dawo ba a kira shi.

Abin da ƙasar Bakori za ta ƙara a kan wannan shi ne ta daidaita shi da kalandar manomi. Wanda jininsa ya zauna a ba shi maganin wata uku a tafiya ɗaya, kada a ce sai ya zo duk wata cikin damina. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Katsina ta karɓi kuɗin shekara na manoma a lokacin kaka, ta hannun ƙungiyoyinsu, tunda manomi ba shi da albashin da za a yanka. A kai na'urar awo kasuwa ranar cinta da harabar masallacin Juma'a, amma wanda aka samu da cutar a haɗa shi da asibitin mazaɓarsa, domin awon gayya da ba rajista a bayansa tsoratarwa ce kawai. Ƙaramar hukumar tana da mazaɓu 11. Na'ura mai kyau, da ma'aikaci ɗaya da aka horar, da kwalin amlodipine da ba ya yankewa a kowace mazaɓa ba su fi ƙarfin kasafin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha ba. Kafin su motsa, magidancin da ya san yana da cutar ya ware kuɗin maganin shekara, nasa da na iyalinsa, ranar da ya sayar da buhunan farko, kamar yadda yake ware na taki.